Tsakanin Sha Takwas da Ashirin da Uku

Ruwan Agusta ne ya tone ta, ba mu ba.
Kwari ya ci gonar Labbo har gindin dutse,
ya bar ƙoƙon kai yana leƙen rana
a bayan Kwatarkwashi, wajen kufai.

Liman ya ce a duba da ladabi,
a mayar da ita kafin Juma'a.

Ni aikina rariya.
Dubu uku a yini, da ruwan leda biyu.
Ina tankaɗe ƙasa kamar mai fid da tsaki,
abin da ya ƙi wucewa in miƙa wa Dakta Hurera:
tsingaro, gawayi, 'yar tsakiya mai huda,
haƙori ɗaya da ya yi yawo ya bar 'yan'uwansa.

Ta ɗauki muƙamuƙi da hannu biyu
kamar mai karɓar jinjiri.
"Baba Maiwada, matso ka gani.
Turmin ƙarshe ya fito,
amma bai tauna tuwo da yawa ba."

Na yi dariya.
Haka muke yi wa bijimi ranar kasuwa:
dillali na rantsuwa,
mu kuwa mu buɗe baki mu ƙirga.

Sai ƙashin cinya.
Tsakanin kansa da gangar jikinsa akwai zane
siriri, irin ɗinkin ƙwarya,
bai daɗe da kamewa ba.
Karankarma kuwa bakinta a buɗe yake.
Wai ita ce autar ƙasusuwa,
ita ke rufe ƙofa bayan kowa ya shiga,
wannan kuma dare ya same ta ba ta rufe ba.

Ƙugu ya ce mace ce.
Ƙugu bai faɗi sunanta ba,
ko wa ke kiranta idan fura ta yi sanyi.

A haƙorin gaba akwai wani layi a gicciye.
Dakta ta bi shi da tsinke, a hankali.
"Nan girma ya tsaya, ya sake tashi.
Yunwa ce ko jinya, tana 'yar shekara uku.
Ta sha."
Ta sha wannan, na ce a raina,
wani kuma yana gaba yana jiranta.

Ta rubuta a littafinta:
tsakanin sha takwas da ashirin da uku.
Na ce, duk wannan karatu, ba lamba guda?
Ta ce, "Ƙashi ba ya ƙarya, Baba,
amma ba ya rantsuwa."

Na koma kan rariyata ina juya maganar.
Katin da ke aljihuna ya ce ɗaya ga Janairu,
kamar na Labbo, kamar na rabin garin nan.
Inna ta ce shekarar da fara ta cinye gero aka haife ni.
Kawu ya ce a'a, shekarar da rijiyar masallaci ta rufta.
Damina huɗu ce tsakaninsu,
su biyun kuma sun tafi da gardamarsu.
Ashe ni ma tsakanin lamba biyu nake zaune,
da raina, da carbina.

"Dakta, ni fa, nawa?"
"Kai sai ka kwanta tukuna."
Na ce ba na sauri.

Ranar Alhamis muka mayar da ita
can sama, inda ruwa ba ya bi,
cikin farin ƙyalle, da tsakiyarta.
Ba wanda ya san addu'ar da ta saba ji.
Muka yi shiru, Labbo ya jera duwatsu.

Da magariba jikata Talatuwa ta tare ni a zaure,
hannu a baki, kada ƙadangare ya ga giɓi.
Ta buɗe tafi: haƙori, ɗan mitsitsi, da jini kaɗan.
Shida, na ce, ko bakwai.
Uwarta ta amsa daga madafi,
"Bakwai ba wata biyu."

To, madalla.
Wannan tana da mai faɗa mata.
Ƙashi ya jira.