Ɗinkin Ranar Teku

Watan Maris ya kama, kekena bai huta ba.
Riguna arba'in da biyu na karɓa,
farare, masu shuɗin wuya irin na matuƙan jirgi,
na 'yan aji huɗu da za su yi fareti
nan El Alto, inda numfashi ma sai da lallami.
Ranar Teku ce ke tafe.
Mu kuwa teku, rabonmu da shi
tun kakar kakata tana goye.

A makaranta an faɗa mana:
kashin tsuntsaye, da gishirin albarushi,
da harajin kwabo goma,
su suka sa Chile ta taso da jirage.
Aka kwana da gaɓa, aka tashi babu.
Na ɗaga hannu na tambaya ko ruwan da ɗumi.
Malama ta ce in zauna.
Ita ma ba ta taɓa gani ba.

Kakana, Tiburcio Callisaya,
ba wancan yaƙin ya gani ba, na Chaco ya gani.
Yana bayan garken lama a kan tudu
mota ta zo ta kwashe su kamar kiraren girki,
aka gangara da su ƙasar ƙaya da ƙuna.
Hafsa na tsawa da Sifaniyanci,
shi Aimara kaɗai ke bakinsa.
Ya koyi "tashi", ya koyi "kwanta", ya koyi "ruwa".
Ta ƙarshen ya fi furtawa,
ita ce kuma ba a amsawa.
An ce akwai mai a ƙarƙashin ƙasar.
Shi abin da ya san yana ƙarƙashinta
ƙanensa ne Zenón, harshe a kumbure,
babu ko ƙwarzane a jikinsa.

Manya na can inuwa suna ka-ce-na-ce.
Janar-janar da suka kasa yi wa maƙiyi ƙawanya
suka yi wa masaukin shugabansu,
suka zare kujerar daga ƙarƙashinsa.
Aka busa ƙaho.
Tankar ruwa dai ba ta iso ba.

Ya dawo da lambar tagulla, da tari.
Lambar ga ta nan cikin gwangwanin maɓallaina.
Har ya koma ga Mahalicci bai bar saura a kofi ba,
in za a zubar da ruwan wanki sai ya kau da kai.

Yanzu ɗana Fermín sojan ruwa ne
a tafkin Titicaca.
Duk inda jirginsu ya dosa, tudu ne ke jiransa.
Ya iya ƙullin igiya iri goma sha biyu,
ya haddace taurarin da ake bi
a tekun da bai taɓa jin ƙanshinsa ba.
Kowace shekara wani sabon baki kan hau dandamali,
ya nuna yamma da yatsa, can bayan duwatsu,
ya yi rantsuwa, a tafa.
Washegari burodi ya ƙara kuɗi.

Ban ce a manta ba.
Wanda aka toshe wa ƙofa
shi ya san zafin fita ta gidan maƙwabci.
Amma ni ce na auna ƙirazan yaran nan da tef,
na san faɗin kowanne,
bai kai a rataya masa bindiga ba,
kuma na san shekara takwas ba ta da nisa.

Jiya Nélida, ƙaramar cikinsu, ta zo gwaji.
Hannun rigar ya haɗiye yatsunta.
Ina riƙe da allura a leɓe ta ce,
"Iya Eusebia, wai da gaske teku gishiri ne?"
Na ɗebo ruwa a kofin kakana,
na barbaɗa gishiri, na juya da ɗan yatsa.
Ta kurɓa, ta ɓata fuska, ta tofar,
ta ce, "A kan wannan?"

Ban ba ta amsa ba.
Na shanye sauran.
A gidan nan ba a zubar da ruwa.