Wutsiyar Alhamis

Duk Alhamis, kafin ladan ya kira azahar,
Atipoka kan tsaya gaban teburina a Aboabo
da tsohon kwano mai lanƙwasasshen baki.
Wutsiyar sa take so, ba kitse.
In na ɗora mata gyara, tsoka ko 'yar hanta,
sai ta tsame da yatsa biyu ta mayar mini,
ta kwance bakin zane ta ƙirgo sidi.

Shekara shida ina zaton miya ce.
Har na taɓa ce wa Ramatu,
matar nan ta Bolga ta san kan farfesu.

Ran da ruwa ya cika kwata, ta zame ta gurɗe ƙafa,
jikanta ya kawo saƙo.
Ni na kai da kaina,
ta bayan maƙeran akwati,
ta lungun da sai an karkace ake wucewa.

Tsami ne ya fara amsa sallamata,
kamar kunun da ya kwana uku yana fushi.
Tukwane huɗu baƙaƙe kan murhun laka,
tsiron dawa a shanye kan kwanon rufi.
Fito.
Na tsaya a ƙofa da nama a hannu.

Ta babbake wutsiyar a garwashi,
ta kankare, ta ɗaure da igiyar rama,
ta zura cikin 'yar randar da ke kumfa a kusurwa,
a hankali, kamar mai aron rijiyar maƙwabta.
"Kwana biyu," in ji ta.
"Ita ma giya tana jin yunwa.
Jibi ƙashi zai fito fari fat kamar alli."

Ban tambaya ba, ita ta faɗa.
Anaba, mijinta, ya shekara ashirin
yana shaƙar garin katako a injin Kaase.
Haƙora suka zube, ƙirji ya koma zugazugi.
Ya ƙi tuwo, ya ƙi romo,
ƙwaryar yamma kaɗai yake miƙa wa hannu.
Sai ta ɓoye masa naman inda ba zai iya ƙi ba.
Ya ƙara damina biyu.
Ko wutsiyar ce ta riƙe shi, ko mai zura ta,
ban sani ba.

Yanzu tsofaffin masu gadi ne,
da masu tura amalanke daga Kejetiya,
ke jeruwa kan benci ran Asabar
suna cewa a zubo musu na Anaba.
Sukan ɗiga kaɗan a ƙasa kafin su kai baki.

Ni kuwa, san nan da hannuna na juya shi gabas,
da bakina na yi masa bisimilla.

Na kai wa Malam Mumuni zancen bayan isha'i.
Ya daɗe yana ɓare goro.
"Nama ka sayar, ba randa ba," in ji shi.
Har na sa takalmi ɗaya, ya ƙara:
"Amma fa yanzu ka sani."

Alhamis biyu na ɓoye wutsiya ƙarƙashin tebur,
na ce ta ƙare.
Ta dubi inda ƙudaje suka taru a ƙafata,
ta dube ni,
ta ce, "To, Allah ya kai mu,"
ta juya tana ɗingishi da kwano wayam.
Daren nan Ramatu ta dafa mana wutsiyar.
Na kasa wuce loma uku.

Yanzu yarona Tanko ke auna mata.
Ni sai in sami wuƙar da ke son wasawa,
in zuba wa motocin Asawase ido
har ƙarar sikeli ta lafa.

Kuɗin kuwa ba na haɗa su da ciniki.
Akwai gwangwanin tumatir a bayan sikeli,
nan nake jefawa.
Ban kai masallaci ba, ban sayi gishiri da su ba.
Jiya na danna murfin,
ya ƙi rufuwa.