Hawa na Biyar, Bronx

Tun ranar da aka ja ƙofar shagon kitso
aka garƙama mata kwaɗo biyu,
yatsuna ba su yarda an tashi aiki ba.
Cikin barci ma bakin bargo suke kitsawa.

Mu shida ne a ɗaki biyu.
Rediyo ya ce a bar taku shida tsakanin mutum da mutum.
Sallau ya auna falon da tafin ƙafarsa,
daga bango zuwa firji,
ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.
Sai kowa ya yi tsit.

Tun bara likita ya ce masa siga ya hau,
ya riƙa tattaki, ya rage shinkafa.
Da yakan ajiye tasi ya zaga fili sau uku.
Yanzu tasin na ƙasa tana tara kashin tattabaru,
shi kuwa tattakinsa daga taga zuwa taga.
Kwalin da na bi layi awa uku na karɓo a ƙofar coci,
shinkafa ce a ciki, da taliya,
da gwangwanin 'ya'yan itace masu iyo cikin zaƙi.
Da babu gara ba daɗi, in ji shi,
ya sa hannu.

Allurar wata ɗaya ya ja ta har wata biyu.
Bai gaya mini ba.
Kwalbar ce ta tona shi.

Mun wanke hannu har fata ta tsage,
man kaɗanya ya ƙare, na koma na girki.
Citta, kanumfari, tafarnuwa, lemun tsami,
tukunyar ba ta sauka daga wuta.
Yara sun yi kumatu, idanunsu sun shige waya.
Ilu ya manta inda ya jefa takalminsa,
ba wanda ya neme shi.

Kwasar adashi tawa ce a watan huɗu.
Uwani ta bugo, ta daɗe tana gaisuwa,
ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu.
Tun nan na gane.
Mu sha biyu ne, tara suna zaune.

Inna ma ta kira daga Tasawa.
Na shirya kalaman ban haƙuri, na share murya.
Ba ta ko tayar da zancen kuɗin wata ba.
Cewa ta yi: kuna samun na sawa a baki?
In an buɗe hanya zan ba da gero a kawo muku.
Na kife wayar a cinya.

Jiniya ba ta barci a unguwar nan.
Ranar Talata aka sauko da mijin Altagracia,
lif a mace, mutum huɗu, hawa biyar.
Bai dawo ba, ba ta ga kabari ba.

Bayan sati uku ta ƙwanƙwasa,
gashinta ya cukurkuɗe kamar saƙar gizo.
Na zaunar da ita a matakala,
ni da takunkumi, ita da takunkumi,
ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta.
Na tsaga, na taje, na kama.
Ta naɗe dala ashirin ta cusa mini a tafi.

Na so in ce ta bar shi.
Takardar mai gida na ƙarƙashin ƙofa tun jiya.
Na karɓa.