Igiyar Babu

A Kumo nake, a ɗakin Goggo Dudu,
an ɗauke wuta tun la'asar.
Da fitilar waya nake bin sawun wata 'yar kalma
a littafin da Malam Bappayo ya ara mini,
wanda gara ko bango ba ta bar masa ba.

Kakannin Jamusawa, in ji littafin,
"ni" kawai suke cewa in sun ƙi abu.
'Yar mitsitsiya, kamar ƙwayar riɗi,
in kasuwa ta cika ta batse
mai saye sai ya rantse bai ji ta ba.

Sai suka ɗaura mata kaya.
Suka liƙa mata "abu",
suka liƙa mata "kuma",
suka liƙa mata "wanne cikin biyu".
Baki ya yi ta niƙa su shekara dubu da ɗoriya
har suka yi sulɓi kamar ɗan dutsen niƙa,
yau jikokinsu na furta su safe da yamma
ba su san akwai ɗinki a ciki ba.

Na ɗaga kai, Goggo na kwashe tuwo.
"Babu gishiri," ta ce, "balle daddawa."
Na ce, Goggo, maimaita.
Ta ce yaron nan boko ya taɓa shi.
Ba abu. Babu.
Ashe mu ma mun yi ɗinkin
mu ma ba mu juya rigar mun duba ba.

Shekara tara ke nan
da Baffa Jungudo ya bi motar shanu zuwa kudu.
Duk mai tambaya, amsarta guda:
"Bai zo ba, bai kuma aiko ba."

Da ina zaton lissafin hasara take yi.
Daren nan na ga "kuma" ɗin nan ta tsakiya.
Igiya ce.
Rashi biyu, in ka sake su,
kowanne gonar wani zai faɗa kamar akuya,
sai ta ɗaure su a turke guda
ta shiga ɗaki ta kwanta,
ko da barcin bai zo ba.

Batir ya yi ja.
"Ka ci abinci? Ka yi isha'i?"
Na tsaya laluben kalma ɗaya
mai ɗaukar amsa biyu a kafaɗa,
na kuwa same ta a bakin mutanen
da ba su taɓa jin sunan Kumo ba.

Goggo ta turo mini kwano da buta.
Ba ta jira ba.