Lamba Ɗari da Sha Bakwai

A rajistar bincikenmu ke lamba ce, Lariba,
ɗari da sha bakwai:
ciki na uku, wata biyar, unguwar Aboabo,
gidan da ke bayan injin niƙa.
Ni na ɗaura miki abin awo a damtse,
kika ce, "Sista, wannan ya fi mijina riƙo,"
muka yi ta dariya har Dakta Amoako ya leƙo.

Tambayarmu guda ce:
me ke tayar da jinin mace a ƙarshen ciki,
ta kumbura, ta ga taurari da tsakar rana,
ta faɗi tana jijjiga?
Mata ɗari uku muka ce za mu bi
daga awon fari har ranar suna.

Sai korona ta sauka a Kumasi.
Kejetia, inda allura ba ta samun wurin faɗuwa,
ta koma filin tattabaru.
Takarda ta zo daga sama: a dakata.
Firjin da muka adana jininku
aka kwashe shi, aka cika da majinar gari.
Kuɗin bincike ya narke ya zama safar hannu,
ni kuwa aka tura ni ɗakin masu tari.

Can na koyi numfashi cikin leda.
Gumi na taruwa a takalmin roba,
in na cire, sai in zubar kamar ruwan wanki.
Yaron mota ya ga farin kayana ya ce wuri ya cika,
alhali kujera uku na kallona.
A gida, Adiza 'yata tana gaishe ni ta taga,
ta manna tafinta a gilashi, in manna nawa,
shi ke nan mun yi runguma.

Sista Afriyie, wata shida gare ta,
ta tare Dakta a baranda:
"In ta kama ni, me za ta yi wa na ciki?"
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce ba a bincika ba tukuna.
Mu da muke binciken, muka kalli ƙasa.

Sau biyu kika kira ni, daren Talata.
Wayar na kulle a loka,
ni ina riƙe da hannun wani tsoho ɗan Tafo
da ke kiran sunan matar da ba a bari ta shigo ba.
Da asuba na ga kiran, na ce sai na yi barci.
Na yi barcin.

Wata bakwai ya wuce kafin a buɗe rajista.
Na bi kwata, na wuce injin niƙa,
na tarar da tsohuwarki tana jiƙa gero,
da yarinya a goye, mai irin goshinki sak.
Ta ce kin ji tsoron asibiti,
kowa na cewa can cutar ke kwana.
Ta ce kafin a samo tasi, kin cije harshe.

Ta shiga ɗaki ta fito da katin awonki
a naɗe cikin ledar burodi.
A bayansa, da fensir,
kamar yadda na ce ki yi duk ranar da kai ya sara,
kin ja layi.
Ɗaya, biyu, har sha ɗaya,
na ƙarshen a karkace.

Mu muka dakata, Lariba.
Ke ba wanda ya gaya miki.

Yanzu fom na gabana, gurbi uku gare shi:
ta haihu lafiya, ta janye, an rasa inda take.
Na san inda kike.
Tun azahar biro na hannuna,
katin yana aljihuna,
a waje kuma mata sun cika benci,
wata na tambaya ko Sista ta fara kira.