Marmara Biyu

A garinmu marmara ja ce.
Ita ta cinye bakin digar ubana,
Jatau mai haƙar rijiya.
Gaba tara yakan nutsa cikin ƙasa
ya tarar da ita kwance, ta yi kememe,
ya fito da jar ƙasa har a gira
ya ce, yau ma ta hana mu ruwa.

Ran da na sauka Jidda na tsinci sunan a bakin wani Balarabe.
Marmar, in ji shi,
yana shafa farin dutse kamar mai lallashin jariri.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ashe takwararta ce na tarar a ƙasar mutane,
ta yi wanka, ta sha mai,
ta riga ni zama Hajiya.

Shekara shida ke nan ina durƙushe gabanta.
Muna shimfiɗa ta a wani dandali na bakin teku,
inda gishiri ke lasar ƙarfe har ya rame
amma ita ya bar ta.
Attayyib, mutumin Kassala, ke jan igiyar awo,
ni ke da gudumar roba da ma'auni,
ɗigon iskar nan da ke cikin gilashi
wanda ba ya karɓar toshiyar baki.
In ya kauce da faɗin farce, a ɗaga a sake.

Kowane falle da jijiyoyinsa.
Akwai mai zanen toka kamar bayan hannun kakata,
akwai wanda in ka zuba masa ruwa
sai ka ga fadamar Haɗejiya da rassanta.
Mukan haɗa jijiya da jijiya
don kada kogin ya yanke a tsakiyar hanya.
Ba wanda ya sa mu. Ba a biyan wannan.

A tsakiyar dandalin sun kafa wani abu
mai tsayin mutum uku, fari fat, a lanƙwashe.
Da ƙugiya aka sauke shi, cikin bargo.
Wasu suka ce filafilan jirgin ruwa ne,
wasu suka ce igiyar teku ce aka kama tana tashi.
Attayyib ya ce haƙarƙarin raƙumi.
Ni dai bayan mutum nake gani
wanda ya sunkuya yana leƙen rijiya.
Sunan mai sassaƙar na nan a farantin tagulla,
ni nake goge shi duk Alhamis.

Sau ɗaya falle ya dare a hannuna.
Ƙarar ba ta kai ta fasa gyaɗa ba,
amma riyal ɗari uku ta ci daga albashi.
Na ɗauki ɓarin, kamar rabin goro,
tunda na biya kuɗinsa.

Bayan la'asar mutane kan fito da darduma da butar gahawa.
Yarinya ta cire takalmi, ta ruga,
tafin ƙafarta na tafi a kan aikina.
Wani tsoho ya dafa ƙasa zai zauna,
ya ce, masha Allah, sanyi.
Ba mai kallon ƙasa,
kuma haka nake so:
daɓen da bai sa tuntuɓe ba, ido ba ya neman mai shi.

Ɓarin yana aljihun gaba, tare da igama.
Gumi ya sa ya fara rawaya.
In Allah ya kai ni gida
ba kabari zan kai shi ba, Jatau ba ya son ƙawa.
Akwai rijiyar da ya bari a bayan gonar Gwamma,
wadda jar ta fi ƙarfinsa.
Can zan tsaya a baki in sake shi,
in ji tsawon lokacin da zai ɗauka
kafin su gaisa.