Kunya Uku

Ran Lahadi aka zaga da faranti a cocinmu na Kaltungo.
Gurasa ta zo gabana, na sunkuyar da kai, ta wuce.
Ƙoƙon ma haka.
Briskila ta taɓa ni da gwiwar hannu, ban duba ba.
Can benci na huɗu, ta wajen taga,
ƙeyar Habila nake kallo,
ƙeyar da na sani tun muna kwana tabarma ɗaya,
har da tabon da na yi mata da ƙodagon goruba.

Damina biyu ke nan ba mu gaisa ba.
A kan me? Kunya uku.
Kunya uku na gyaɗa, gabas da ɗorawa.
Shi ya ce nasa ne, ni na ce Baba ya nuna mini da sanda.
Baba kuwa yana kwance bayan coci,
ba ya yi wa kowa shaida.

Mun je gaban dattawa.
Dattijo Yila ya saurara har shayinsa ya huce,
ya ce, "Nono ɗaya kuka sha.
Ƙasar da kuke ja a kanta, ita za ta rufe ku duka."
Muka ce mun ji.
Kowa ya fita ta ƙofarsa.

A hanyar gida Keziya ta kama yatsana.
"Baba, ba ka jin yunwa ne?
An ba ka, ba ka ci ba."
Na ce zancen manya ne, za ki gane.
Ta ce, "Baffa Habila ma bai ci ba. Na gani."

Ashe.

Da dare, bayan tuwo, na buɗe baki zan yi addu'ar gida.
Na gode don ruwa, na gode don lafiyar awaki,
da na kai wurin gafara
sai harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.
Briskila ta ƙarasa. Yara suka ce amin.
Ni dai na zauna ina sauraron kwaɗi.

Ya Yesu, ban ce ba ni da gaskiya ba.
Har gobe ina ganin sandar Baba, ina ganin inda ta nuna.
Amma gaskiyar nan ba ta cika mini buhu ba,
ta dai hana ni barci,
ta hana ni teburinka.
Kunya uku a gona,
ta huɗu ga ta a fuskata.

Litinin da sassafe na bi ta bayan firamare,
raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando.
Na shirya magana tun daga gida,
doguwa, mai kai da ƙafa, har da inda zan tsaya ya amsa.
Na tarar da shi a tsugune, ya kifa keke,
sarƙa ta zame, hannu duk baƙin mai.
Na yi sallama. Ya ɗago. Ya mayar da kai.
Maganar ta gudu ta bar ni tsaye.
Sai na tsuguna na kama feda.

"Juya," in ji shi. Na juya.
"A hankali mana."
Sarƙa ta hau.

Rahila ta kawo kunu, kofi ɗaya,
wai ba ta san da baƙo ba. Ni ina zaton ta sani.
Ya kurɓa, ya miƙo mini.

Ba mu yi zancen gona ba.
Kunya uku suna nan, bana ciyawa ce ta gaje su,
ɗorawa na zuba inuwa a nasa da nawa
ba ta tambayi iyaka ba.
Wata mai zuwa za a sake zagawa da faranti,
ban san me hannuna zai yi ba.
Yanzu dai baƙin man kekensa na tafina.
Na wanke da toka sau biyu,
bai fita ba.